Mu Ƙera Tafintan Na'ura da Hannunmu

'Yan'uwana ɗalibai, da ku matasan ma'aikata waɗanda ba ku daɗe da barin harabar jami'a ba, akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu, ko da amsarta ba za ta yi mana daɗi ba. Yau fiye da shekara 20 ke nan ana koyar da ilmin kwamfuta gadan-gadan a Jihar Jigawa. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyon wannan fasaha a Kazaure tare da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na ƙasar Singafo. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, a 2013 kuma aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda take ɗauke da sunan Sule Lamido. 'Ya'yan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar sun shiga waɗannan makarantu, wasu sun wuce Kano da Zariya, sun komo da takardun shaida. Da yawa sun iya rubuta manhaja da harshen Python ko Java. To, a cikinmu mutum nawa ne zai iya ƙera abin nan da yake karanta rubutun nasu, ya fahimce shi, ya mai da shi aiki a cikin na'ura?

Ra'ayina a kan wannan batu a fili yake. Muddin ɗalibin kwamfuta bai taɓa gina mafassarin harshe da injin da zai gudanar da fassarar da hannunsa ba, komai ƙanƙantarsu, to, direba ne da bai taɓa buɗe bonet ba. Al'ummar da duk 'ya'yanta direbobi ne, babu bakanike ko ɗaya, ran da mota ta mutu a daji nan za ta kwana. Saboda haka nake kira da a mai da wannan aiki tilas a kan kowane ɗalibi kafin ya karɓi digiri, kuma ina so in nuna cewa abin bai fi ƙarfin yaron da ya tashi a Ɗanzomo ba.

Bari mu fara da sanin abin da muke magana a kansa. Ita kwamfuta ba ta jin Turanci, ba ta jin Hausa, ba ta ma jin Python. Abin da ƙwaƙwalwarta take ganewa shi ne jerin lambobi, kowace lamba tana nufin wani ɗan ƙaramin umarni: ɗauko wannan adadi, tara shi da wancan, ajiye amsar a wuri kaza. Masanan farko da waɗannan lambobi suka yi ta fama, har Grace Hopper ta fito da wani shiri a 1952 wanda yake ɗauke wa mutum wani sashe na wahalar. A 1957 John Backus da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka kammala mafassarin harshen FORTRAN, bayan aikin kusan shekara 3. Daga ranar mutum ya sami damar rubuta lissafi kamar yadda ya saba a allo, na'ura ta fassara wa kanta.

Fassarar nan iri biyu ce, kuma Bahaushe ya san duka biyun. Akwai mafassari, wanda masana suke kira kamfaila: ana ba shi rubutu gaba ɗaya, ya zauna ya juya shi zuwa harshen na'ura, ya miƙa, kamar malamin da ya fassara wasiƙa ya ba mai ita ya tafi. Akwai kuma tafinta, wanda yake tsaye a wurin, ana faɗar jimla yana aikata ta, ana faɗar ta gaba yana bi. Aikin mafassari ya fi gudu idan an gama shi, amma fassarar da aka yi wa na'ura iri ɗaya ba ta aiki a wata irin. Tafinta ya fi sauƙin ginawa da sauƙin ɗauka daga wuri zuwa wuri, amma yana da nawa, domin in aka maimaita jimla sau dubu, sau dubu zai sake nazarinta.

Dabarar da ta haɗa amfanin biyun kuwa, duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya gan ta da idonsa. Ga Bafillace da shanunsa, ga Buzu da raƙumansa daga ƙasar Damagaram da bayanta, ga Bamange, ga Bayarabe da Inyamuri sun zo loda dabbobi zuwa Kudu. Da a ce kowace ƙabila sai ta nemi tafinta na musamman tsakaninta da kowace ƙabila, da rana ta faɗi ba a sayar da ɗan akuya ba. Abin da ake yi shi ne kowa ya juya maganarsa zuwa Hausa, daga Hausa kowa ya ɗauka. Haka masana kwamfuta suka yi. A ce akwai harsunan manhaja 5 da na'urori iri 6. In kowane harshe sai an yi masa mafassari domin kowace na'ura, ana bukatar mafassara 30. In kuwa aka ƙirƙiro wani harshen tsakiya, aka yi mafassara 5 masu juyawa zuwa gare shi, aka yi 'yan shirye-shirye 6 masu karanta shi a kan kowace na'ura, aiki 11 ya wadatar. Shi wannan ɗan shiri mai karanta harshen tsakiya shi ne injin kwaikwayo: manhaja ce da take kwaikwayon wata na'ura wadda ba a taɓa ƙera ta da ƙarfe ba.

Niklaus Wirth na babbar makarantar fasaha ta Zurich a ƙasar Suwizalan, wanda ya fito da harshen Pascal a 1970, shi da ɗalibansa suka bi wannan hanya a farkon shekarun 1970 domin harshen nasu ya yaɗu. Duk jami'ar da take son Pascal, abin da ya rage mata kawai shi ne ta rubuta ɗan injin kwaikwayo a kan na'urarta. A 1977 Jami'ar Kalifoniya ta San Diego ta ɗauki dabarar ta kai ta kan ƙananan kwamfutoci. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Guido van Rossum ya saki Python a ƙasar Holan, kuma har yau Python fassara rubutunka yake yi zuwa harshen tsakiya sa'an nan injinsa ya gudanar. A 1995 kamfanin Sun ya fito da Java a kan wannan tubali. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix masu tsarin Android da ke aljihunmu, manhajojin da ake saukewa a cikinsu da harshen tsakiya suke zuwa. Injin Dalvik ne yake gudanar da su da fari, daga 2014 aka maye gurbinsa da wani mai suna ART. Ashe ke nan mai shayin da ke tashar Gumel yana yawo da irin wannan inji a aljihu, alhali ɗalibin da ya karanta kwamfuta shekara 4 bai san yadda cikinsa yake ba.

To, yaya cikin nasa yake? Mu ɗauki misali daga harkar da muka sani. A ce ɗan kasuwa ya rubuta wa na'ura cewa jimla ita ce 200 + 3 × 500, watau kuɗin dako 200 da buhu 3 kowanne a kan 500. Mataki na farko shi ne yanka. Na'ura tana ganin rubutun ne harafi bayan harafi, sai mayanki ya tattara su gaɓa-gaɓa: wannan lamba ce, wannan alamar tarawa ce, wannan suna ne. Mataki na biyu shi ne tsarawa, inda ake duba nahawun jimlar a gina ta kamar bishiya mai rassa. A nan ne ake yanke hukuncin cewa ninkawa tana gaba da tarawa. In aka yi kuskure a wannan mataki, aka bi lissafin daga hagu zuwa dama kawai, amsa za ta fito 101,500 maimakon 1,700, ka ga an kashe ɗan kasuwa da ransa.

Mataki na uku shi ne fassara bishiyar zuwa harshen tsakiya. Umarni biyar ne za su fito: ɗora 200, ɗora 3, ɗora 500, ninka, tara. Mataki na huɗu shi ne na injin kwaikwayo, kuma mafi yawan irin waɗannan injuna da jere suke aiki, kamar jeren kwanukan amarya: na sama kaɗai ake iya ɗauka, sabo kuma a sama ake ɗora shi. Inji ya ɗora 200, ya ɗora 3 a kai, ya ɗora 500 a kai. Da ya ga umarnin ninka sai ya sauke biyun sama, ya ninka su, ya ɗora 1,500. Da ya ga umarnin tara sai ya sake sauke biyun sama, ya ɗora 1,700. Shi ke nan. Zuciyar injin ba ta wuce wani zagaye guda ba: ɗauko umarni, duba irinsa, aikata shi, matsa gaba. In aka ƙara masa umarnin tsallakawa gaba da na komawa baya, ya iya "idan" da "maimaita". In aka ƙara masa wurin ajiye sunaye da hanyar kiran ayyuka, ya zama cikakken harshe. Daga baya sai a ƙara masa mai shara, wanda yake bi yana kwashe bayanan da aka gama amfani da su domin ƙwaƙwalwa kada ta cika, dabarar da John McCarthy ya fito da ita domin harshen Lisp tun ƙarshen shekarun 1950.

Na kawo wannan bayani dalla-dalla ne domin mai karatu ya gani da kansa cewa babu tsafi a ciki. Ƙaramin harshe mai lambobi da sharaɗi da maimaitawa da ayyuka, layi 'yan dubbai ne na rubutu, aikin zangon karatu ɗaya ga ɗalibi mai himma. Robert Nystrom ya wallafa littafi a 2021 mai suna Crafting Interpreters, inda ya gina harshe guda sau biyu, da fari da tafinta mai bin bishiya, sa'an nan da mafassari da injin kwaikwayo, ya kuma bar littafin a intanet kyauta ga duk mai so. Uzurin rashin littafi ya faɗi.

Wani zai ce, to, mene ne amfanin wannan wahala, tun da ga mafassara nan birjik kyauta? Amsa ta farko tana cikin tarihinmu. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, shekaru da dama sarki da Razdan ba su jin juna sai ta bakin wani. Tarihi ya riƙe sunan irinsu Adamu Jakada a Kano, mutanen da ƙarfinsu bai zo daga sarauta ko dukiya ba, ya zo ne daga tsayuwa tsakanin harsuna biyu. Talaka ya kawo kuka, abin da tafinta ya ga dama shi ne zai isa kunnen Bature. Bature ya yanke hukunci, abin da tafinta ya so shi ne zai dawo. Wanda bai iya bincikar tafinta ba, a hannun tafinta yake.

Wannan magana tana nan daram a duniyar na'ura. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera tsarin Unix, ya yi bayani a laccarsa ta karɓar lambar Turing, wadda aka buga a 1984, cewa ana iya koya wa mafassari ha'inci. Ana iya sa shi, duk sa'ad da ya ga yana fassara shirin da ke tantance masu shiga na'ura, ya cusa wata ɓarauniyar hanya a ciki. Ana kuma iya sa shi, duk sa'ad da yake fassara sabon mafassari, ya gadar masa da wannan hali, ta yadda ko an karanta rubutun asali daga farko har ƙarshe ba za a ga alamar komai ba. Yau albashin ma'aikata, da rajistar masu zaɓe, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da asusun banki, duk ta hannun irin waɗannan tafintoci suke bi. Ƙasar da ba ta da 'ya'yan da za su iya kwance mafassari su duba hanjinsa, ta sa hannu a takardar da ba ta iya karantawa ba.

Amsa ta biyu ita ce, zanen aro ba ya rufe katara. Mutanen Maigatari sun fi kowa sanin abin da ake nufi da rufe ƙofa, domin an rufe musu iyaka a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Ƙofar fasaha ma ana rufe ta. A 2019 dandalin GitHub, inda masu manhaja na duniya suke ajiye ayyukansu, ya taƙaita wa mazauna Iran da Siriya amfani da shi saboda takunkumin Amurka. A wannan shekara dai aka yanke wa kamfanin Huawei na ƙasar Sin hulɗa da manhajojin Google, kuma cikin abubuwan da kamfanin ya fito da su a lokacin har da mafassarinsa na kansa mai suna Ark. Sun iya yin haka ne domin sun riga sun tanadi mutanen da suka san aikin. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Misalin da ya fi kama da halinmu kuwa daga Brazil ya zo. Daga 1977 zuwa 1992 wannan ƙasa ta sa shinge mai tsanani a kan shigo da kwamfutoci da manhajoji daga waje. A Jami'ar Katolika ta Rio de Janeiro akwai wani rukunin masana mai suna Tecgraf da yake yi wa kamfanin man fetur na ƙasar, Petrobras, aiki. Injiniyoyin kamfanin suna bukatar hanya mai sauƙi ta shigar da bayanai da tsara rahoto, sai rukunin ya ƙera musu ƙananan harsuna biyu. A 1993 mutum uku, Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes, suka haɗe su suka fito da harshen Lua, wanda ma'anar sunansa da Fotugis ita ce wata, na sama. Suka gina masa mafassari da injin kwaikwayo, a 2003 suka sake fasalin injin domin ya ƙara gudu. Duk rubutunsa kimanin layi 30,000 ne na harshen C, kuma injin bai kai nauyin hoto guda da wayar zamani take ɗauka ba. Yau ana amfani da Lua cikin wasannin kwamfuta da miliyoyin mutane suke yi, kuma tun 2013 Wikipedia take aiki da shi wajen tsara shafukanta. Mutum uku ne, a jami'ar ƙasa mai tasowa, suna ƙoƙarin biyan bukatar kamfanin ƙasarsu. Me zai hana malamai uku a Dutse ko Kafin Hausa su dubi bukatar masu riɗi da zoɓorodo da ƙaro na ƙasar Gumel da irin wannan ido?

A nan ne ya kamata in taɓo muhawarar da ake yawan yi tsakanin ɗalibai, watau batun ƙirƙiro harshen manhaja na Hausa. Wasu al'ummu sun gwada. Ramsey Nasser ya fito da Qalb da haruffan Larabci a 2012, an yi Yorlang da kalmomin Yarbanci a nan Najeriya, an yi Nuru da Suwahili a Tanzaniya. Ina goyon bayan a yi na Hausa, amma da sharaɗi. In abin da za a yi shi ne a ɗauki Python a musanya kalmominsa na umarni, waɗanda ba su kai 40 ba, da na Hausa, a ce an ƙirƙiro harshe, to, an sa wa jaki sirdin doki ne kawai. Kalmomin nan yaro yana haddace su a mako guda. Inda yaro yake tuntuɓe shi ne sa'ad da ya yi kuskure, na'ura ta watso masa dogon Turancin da bai gane ba, ya ɗauka shi ne daƙiƙi ya ajiye. Harshen koyarwa na gaskiya shi ne wanda zai ce wa ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Ɗanzomo, da Hausa tsantsa: a layi na 7 ka buɗe baka ba ka rufe ta ba, ko kuwa, ka kira suna kaza alhali ba ka ba shi ƙima ba. Wannan kuwa ba ya samuwa sai ga wanda ya gina mayanki da matsari da kansa, domin a cikinsu ake gano kuskuren, a cikinsu ake zaɓar abin da za a faɗa.

Akwai ma matsalolin da Bahaushe kaɗai zai lura da su. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, tsarin Unicode ya daɗe da ɗaukar su, kuma tun fitowar Python na 3 a 2008 mutum yana iya raɗa wa abu suna kuɗi ko ƙauye a cikin shirinsa ba tare da gardama ba. Amma a gwada raɗa masa suna ma'aikaci, ko jama'a, ko 'ya'ya, a gani. 'Yar alamar nan da muke ratayawa a sama, wadda a wurinmu baƙi ce mai zaman kanta kamar hamza, a wurin Python da harsuna da yawa alamar buɗe zance ce. Mayanki zai karanta "ma", ya ga alamar, ya ɗauka an fara wani zance, ya yi ta neman inda aka rufe shi, ya ƙi aikin. Ga kuma bambancin rubutu tsakaninmu da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka: mu muna rubuta 'ya'ya, a Nijar ana rubuta ƴaƴa da harafi mai lanƙwasa. Shin harshen namu zai ɗauke su kalma ɗaya ko biyu? Ɗalibin Damagaram da na Gumel za su iya musayar shiri ba tare da rikici ba? Babu wani masani a Amurka ko Holan da zai zauna ya warware mana wannan, domin ba ta taɓa cizonsa ba. Hukunci ne na 'yan layuka a cikin mayanki, amma sai mai mayankin ne yake da ikon yanke shi.

Sauran masu ja da wannan ra'ayi kashi biyu ne. Kashi na farko suna cewa kasuwa ba ta neman masu ƙera mafassari, masu gina shafukan intanet da manhajar waya take nema, kuma shirin horar da matasa miliyan 3 da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 ma can ya fi karkata. Gaskiya ne cewa kaɗan ne za su ci abinci da ƙera harshe. Amma wanda ya taɓa gina injin kwaikwayo ya san dalilin da ya sa wani shiri yake nawa, ya san abin da yake cinye ƙwaƙwalwar ƙaramar waya, kuma sabon harshe ba ya ba shi tsoro, domin ya san duk uwarsu ɗaya. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke iya rubuta shiri mai sauƙi cikin ƙiftawar ido, wanda iliminsa ya tsaya a saman ruwa shi ne farkon wanda za a sallama. Chris Lattner yana ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Illinois ya fara aikin LLVM a 2000, aikin da yau harsunan Swift da Rust suke tsaye a kansa. Aikin ɗalibi ne ya zama ginshiƙi.

Kashi na biyu suna cewa, ana fama da wuta da tsadar data, ina maganar mafassari a ƙauye? Ai wannan hujja tawa ce. A duk fannonin ilmin kwamfuta, da wuya a sami wanda ya fi wannan arha. Ba ya bukatar babbar na'ura, ba ya bukatar intanet bayan an sauke kayan aiki sau ɗaya, ba ya bukatar lasisin da ake biya da dala. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ɗan faifan sola sun isa, rabin aikin ma a takarda ake yinsa da fensir. Lars Bak, wanda ya jagoranci ƙera injin V8 da ke cikin manhajar Chrome da aka saki a 2008, a gidan gonarsa kusa da birnin Aarhus na Denmak ya fara aikin. Abin da aikin yake ci shi ne natsuwa da haƙuri, waɗannan kuwa ƙauye ya fi birni su.

Ina matsalar take ke nan? Tana cikin yadda muke koyo. Darasin gina mafassari yana nan cikin manhajar karatun jami'o'inmu, amma sau da yawa a allo yake farawa, a takardar jarrabawa yake ƙarewa. Ɗalibi ya haddace sunayen matakai, ya zana hoton bishiya, ya ci maki, ya fita bai taɓa ganin na'ura ta yi biyayya ga harshen da shi ya ƙago ba. Lokacin aikin kammala karatu kuma sai a koma ga abin da aka saba: tsarin rajistar ɗalibai, tsarin ajiyar magani, tsarin biyan kuɗin makaranta, shekara da shekaru abu ɗaya, wani ma saye ake yi a shagon buga takardu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma mu muke saƙa wa kanmu shi.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata a yi. Na farko, sassan kwamfuta su mai da rabin makin wannan darasi a kan aiki: kowane ɗalibi, ko kowane mutum biyu, su kawo ƙaramin harshe mai mayanki da matsari da mafassari da inji, su gudanar da shi a gaban malami, a kuma sa su ƙara masa sabon umarni nan take domin a bambance mai aiki da mai kwafe. Na biyu, ƙungiyar ɗalibai, wadda take samun kuɗin shirya bukukuwa, ta ware wani abu domin gasar shekara-shekara a kan wannan fanni. Na uku, ɗaliban kwamfuta su zauna da ɗaliban sashen Hausa su daidaita kalmomi da saƙonnin kuskure, sa'an nan a kai abin Kwalejin Ilimi ta Gumel, inda ake horar da malaman da za su shiga azuzuwan Ɗanzomo da Gagarawa, a gwada shi a hannunsu, a gyara bisa abin da suka gani. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ku kuma matasan ma'aikata, naku nauyin ya fi na kowa, domin ta teburinku takardun kwangila suke wucewa. Duk sa'ad da ma'aikata za ta sayi manhaja, ku tambaya: za a ba mu rubutun asali? Da wane harshe aka rubuta shi? In kamfanin ya tattara ya tafi, wa zai iya buɗe shi a cikinmu? Ƙa'idodin albashi da na haraji da na rabon taki suna canzawa kusan kowace shekara. Ƙaramin harshe da akawu zai iya rubuta sabuwar ƙa'ida da shi ya fi a riƙa kiran ɗan kwangila daga Legas duk sa'ad da aka sauya adadi guda. Irin wannan bukata ce ta haifi Lua, kuma irinta tana jibge a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma.

Kakanninmu ba su zaɓi zama a hannun tafinta ba, ƙarfi aka nuna musu. Mu kuwa an buɗe mana littattafan, an bar mana rubutun manyan mafassara a fili kowa ya karanta, ga makarantu a ƙofar gida. In har muka ci gaba da magana da na'ura ta bakin wani, ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi. Hutun ƙarshen zango yana tafe; duk wanda yake da tsohuwar kwamfuta da littafin rubutu, ya fara da umarni biyar ɗin nan: ɗora, ɗora, ɗora, ninka, tara.